Kafin Ka Cire Tukunyar Salansar A-kori-kurarka Mai Dizal

Toh 'yan uwa masu a-kori-kura, yau maganar cire salansa zamuyi dan tambayar taƙi ƙarewa, wani yace ance masa in ya cire mota zata ƙara ƙarfi, wani yace ance shan mai zai ragu, wani kuma shi ba ruwansa da wannan duk, fiton turbo kawai yake so yaji in ya taka. Bari in baka amsar tun yanzu sannan mu shiga bayani: babban abinda cire tukunyar salansa yake canzawa shine sauti. Sauran abubuwan da ake faɗa akwai gaskiya a ciki amma 'yar kaɗan ce, bata kai yadda ake zuzuta ta ba. Dan haka in har zakayi, kayi shi ta yadda gobe in ka gaji zaka iya mayar da kayanka.

Abu na farko, kafin ka kira mai walda, ka bari mota ta huce ka shiga ƙarƙashi da tocila ka gane me kake dashi. Anan mutane da yawa suke yiwa kansu ɓarna. Hayaki yana fitowa daga inji ya shiga turbo, daga turbo ya gangaro bututu, sai ya bi ta wasu ganguna kafin ya fita ta baya, kuma ba kowace ganga ce tukunyar salansa ba. A tsofaffin motoci irinsu Dodge mai Cummins 5.9 ko Ford mai Power Stroke 7.3 abin da sauƙi, bututu ne da tukunya, wasu da katalis a gaba, wato gangar dake rage gubar hayaƙi. Amma daga 2007 a Amurka aka fara sa matatar hayaki wato DPF a a-kori-kura masu dizal, sannan daga 2011 Ford da GM suka ƙara da tsarin rage gubar hayaƙi na SCR mai amfani da ruwan yuriya ɗin nan da ake kira AdBlue ko DEF. A Turai ma dokar Euro 5 ce ta sa matatar ta zama kamar dole, shiyasa zaka ga Hilux mai injin 2.8 da aka yi dan kasuwannin da suke da irin wannan dokar da ita yake zuwa.

Yadda zaka bambance: duk gangar da kaga wayoyi na shiga jikinta, ko sansa a ɗaure, ko wasu siraran bututai guda biyu sun fito daga gefenta, wannan ba salansa bace, ka rabu da ita. Tukunyar salansa fili take, ba waya ba komai, kuma yawanci itace ta ƙarshe can wajen tayar baya. Wasu sabbin motocin ma in ka duba bazaka ga tukunya daban ba sam, dan matatar da turbo sun riga sun shanye ƙarar.

Ina nanata wannan ne saboda cire tukunya daban, cire DPF daban, kuma ni bana goyon bayan na biyun ko kaɗan. In ka cire matata kwamfutar mota zata gane nan take, fitilar gargaɗi ta kama, mota ta rage ƙarfi da kanta, sai an shiga kwamfutar anyi mata kutse kafin ta yarda tayi tafiya daidai. A Amurka dokar tsaftar iska ta haramta taɓa waɗannan na'urori, ƙasashe da yawa kuma motar bazata wuce gwajin shekara ba. Ko ba doka ma, baƙin hayaƙin nan da matatar take kamawa ba abin wasa bane, a 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Mai babur ɗin dake bayanka da yaran dake bakin titi sune zasu shaƙa. Ita tukunyar salansa bata tace komai, sauti kawai take ragewa, shiyasa cire ta baya ƙara hayaƙi kuma baya kunna fitila.

Yanzu ribar. Ta farko sautin, kuma bazan ɓoye ba, injin dizal mai turbo musamman mai silinda shida a jere irin Cummins yana da wani kauri mai daɗin ji in aka buɗe masa hanya, ga fiton turbo yana fitowa sarai. Dalilin da yasa baya zama hauka kamar motar fetur da aka cirewa salansa shine turbo ɗin kansa, hayaƙi kafin ya fita sai ya juya farfelar turbo, wannan yana farfasa bugun da kowace silinda take yi, rabin aikin salansa kenan an riga anyi. In kuma akwai DPF a gaba to wallahi zaka iya cirewa ka kashe kuɗinka ka tada mota kaji kusan ba bambanci. Amma in injinka bashi da turbo, irin tsohon 5L na Toyota, dan Allah ka haƙura, ƙarar da zata fito ba mai daɗi bace, fas-fas ce mai tsaga kunne.

Ta biyu hayaƙi yana samun sauƙin fita. Zakaji wasu suna cewa wai inji yana buƙatar hayaƙi ya ɗan dannu a baya kafin yayi aiki daidai, a injin dizal mai turbo wannan ba haka bane. Turbo yana juyawa ne da bambancin matsin dake gabansa da na bayansa, duk sanda bayan ya zama a buɗe to zai ɗan fi saurin ɗauka, zafin hayaƙi ma yakan ɗan sauka in kana jan kaya a hawa. To amma nawa ne ribar? Ya danganta da irin tukunyar da aka cire. In mai ɗakuna ce a ciki wadda hayaƙi sai yayi ta kwana-kwana, ko ta tsufa ta ruɓe ta toshe, zaka ɗan ji bambanci a ƙafarka. In kuwa irin wadda in ka haska tocila ta wannan bakin kana hango haske ta ɗaya bakin ce, dama bata tare komai ba, cire ta bazai baka doki ko ɗaya da zakaji a jikinka ba. Mutum yakan ji kamar mota ta ƙara gudu ne saboda kunnensa yana jin ƙara, jiki sai ya ɗauka ƙarfi ne.

Shan mai kuwa kar ka sa rai. Galibi ma ƙaruwa yake a farko, dan sabon sauti yana sa mutum yayi ta taka totur yana saurare.

Mu dawo kan illa, anan nakeso ka nutsu dan ita ba'a ganinta ranar da aka yi aikin. Akwai wani ruri da yake shiga cikin mota in kana kan babban titi a gudu ɗaya, yawanci allurar inji tana tsakanin juyi 1,500 da 2,000 a minti, daidai inda dizal yake zama in ana doguwar tafiya. Ba ƙara ce mai tashi sama ba, wani gunji ne ƙasa-ƙasa da yake cika kai kamar ka sa kanka cikin ganga ana bugawa a hankali, minti goma na farko bakomai, bayan awa biyu sai kaji kanka ya ɗau ciwo, ka ƙara rediyo, na kusa dakai yana magana kana cewa me kace. In kana jan tirela abin yafi muni dan inji yana cikin nauyi kullum, kuma gaban tirelar yana maido da sautin. Motoci masu kujerun baya ma waɗanda suke zaune a baya sune suka fi shan wahalar, iyalinka kenan. Masana lafiyar ma'aikata sun sa desibal 85, wato ma'aunin ƙarfin sauti, a matsayin iyakar da in mutum yana zama cikinta awa takwas kullum jinsa zai fara lalacewa, kuma jin da ya tafi baya dawowa, saboda haka wanda tuƙi shine sana'arsa bai kamata ya ɗauki wannan da wasa ba.

Sai maƙwabta. Dizal da sanyin asuba dama yana da ƙara, ka haɗa da ba salansa, duk wanda yake da jariri ko mara lafiya a layin sai ya tashi. Wannan haƙƙin mutane ne. Ga doka kuma, wurare da yawa an rubuta ƙarara cewa dole mota ta kasance da salansa mai aiki, ko da ƙararka bata kai komai ba jami'i zai iya leƙawa yaga babu ya rubuta maka tara, dan haka ka binciki dokar inda kake tuƙi kafin ka yanka. In motar tana cikin garanti ka tambayi dillalin, haka inshora, wasu suna so a sanar dasu duk canjin da aka yi. Ranar sayarwa ma mai saye in yaji ƙara abinda yake fara zuwa ransa shine an wahalar da motar.

In duk ka auna kace kai dai zakayi, ga yadda ake yi ba tare da ka cuci kanka ba. Mota ta huce sosai, a faka a wuri mai tauri ba gangara, a ja birkin hannu a sa waigi a taya. In za'a ɗaga a tokare da ƙafafun ƙarfe, kar ka taɓa shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai yana riƙe da ita, ramin gareji yafi. Tun dare ka fesa maganin tsatsa irin WD-40 a notuna da kilam ɗin, wato maɗaurin ƙarfen dake matse haɗin bututu, dan na salansa sun sha zafi da ruwa, da ƙarfi kawai karyewa suke. Ka auna faɗin bututunka kafin ka sayo na maye, manyan motocin Amurka zaka samu inci uku da rabi zuwa huɗu, irinsu Hilux kuma sun fi siranta, kuma ka sayi daidai girman wanda yake jiki, sa ƙaton bututu a tsakiyar siriri baya ƙara komai. Ka auna tsawon tukunyar tun daga bakin shiga har bakin fita.

In da kilam aka haɗa ta kwancewa kawai za'ayi. In walda ce sai an yanka, to a yanka a miƙe kuma a bar ɗan wuya kamar inci biyu zuwa uku a jikin tukunyar ta kowane gefe, wannan wuyan shine zai baka damar mayarwa. Shawarata ka haɗa sabon bututun da kilam mai faɗi tukunna, banda walda, kayi tafiya dashi ta gaske, doguwa, da kaya da iyali, in har bayan nan kana sonsa sai a walde. In za'ayi waldar a cire kan batir na nagetif saboda kwamfuta, a kuma kare tanki da fayif ɗin mai daga tartsatsi. Tukunyar kuma ka ajiye ta a inda ruwa bazai taɓa ta ba, kar ka bari a tafi da ita.

Kuskuren da nafi tsana shine a cire tukunya a bar bututu ya ƙare a ƙarƙashin bodi. Kar ka yarda. Dole hayaƙi ya fita har bayan mota ko gefe bayan taya yadda kamfani ya yi, in ba haka ba zai riƙa taruwa a ƙasa yana shigowa ciki in kana tsaye a cunkoso, rurin ma yafi yawa, ga kunkunniya tana ɓata komai. Ka tabbata zafin baya dukan safaya taya, fayif ɗin birki ko wayoyi, musamman mota mai DPF dan in tana ƙona dattin da ta tara zafin hayaƙin yana kaiwa wajen digiri 600, kuma bakin bututun nan mai huji-huji da kamfani ya sa dan ya gauraya iska ya rage zafi ne, a bar shi. Robobin rataya duk a mayar, in tukunyar ce take ɗauke da ƙugiya ɗaya to a walda wata a sabon bututun, in ba haka ba nauyin zai koma gaba ya tsaga bututu kusa da turbo. A bar tazara kuma tsakanin bututu da aksil dan in an loda kaya bodi sauka yake.

Bayan an gama a tada mota a waje ba cikin rufaffen gareji ba, a saurari gaɓoɓin ko akwai inda yake huci, bayan kwana biyu ka sake leƙawa, inda kaga baƙin kunkunniya ya zana a jikin haɗi to nan yake yoyo, a ƙara ɗaure kilam ɗin dan zafi da sanyi suna sassauta shi.

Ni dai wanda yake doguwar tafiya ko jan kaya, abinda nake ce masa shine ya sa tukunya mai miƙaƙƙen ciki, wadda bututu mai huji ya ratsa ta an kewaye shi da abin shanye sauti. Hayaƙi yana wucewa kusan kamar ba komai, kaurin sautin da fiton turbo suna nan, rurin cikin mota kuma ya ragu sosai, sannan duk wanda ya leƙa ƙasa zaiga salansa a wurinta. Wanda ya riga ya cire kuma rurin ya dame shi amma baya son mayar da tsohuwar, ƙaramar irin wannan tukunyar a tsakiyar bututu takan rage abin, a gwada ta da kilam a matsar da ita gaba ko baya har a samu inda ya fi lafawa kafin a walde.