Yadda malamin aji zai koyar da darasin motsa jiki a firamare

A makarantun firamare da yawa na gwamnati babu malami na musamman da ke koyar da motsa jiki, don haka nauyin yana kan malamin aji, wanda sau da yawa bai karanci fannin ba a kwalejin ilimi. Garambawul ɗin da hukumar NERDC, mai tsara manhajar makarantun Nijeriya, ta yi wa manhaja a 2012 ya cusa darasin cikin na kimiyya da fasaha, kuma malamai da dama sun saba ɗaukarsa a matsayin lokacin hutu ko na ƙarasa lissafin da ba a gama ba. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana.

Matakin farko shi ne malam ya rubuta tsarin darasin kamar yadda yake rubuta na Hausa ko na lissafi, ya ware abu guda da yake so yara su iya, misali cafe ƙwallo da hannu biyu ko tsayuwa a kan ƙafa ɗaya. Idan darasin na minti 30 ne, a ɗauki minti 5 ana ɗumama jiki, minti 10 ana nuna dabarar, sauran kuma a yi wasan da zai sa a yi amfani da ita, a bar ɗan lokaci a ƙarshe na shan ruwa da wanke hannu. Kafin a fito, malam ya zaga filin ya kawar da ƙaya, fasassun kwalabe da ƙusoshi, domin wasu yaran ba takalmi a ƙafarsu.

Babban kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne a jefa wa maza ƙwallo ɗaya, a bar 'yan mata a gindin darbejiya suna kallo, malam kuma ya koma ofis. A aji mai cunkoso, a raba yara rukuni huɗu ko biyar, kowanne da shugabansa, su riƙa juyawa daga wannan wasa zuwa wancan bayan 'yan mintoci. Rashin kayan wasa ba hujja ba ce, tunda langa tana koyar da daidaita jiki a kan ƙafa ɗaya, 'yar gala-gala ba ta buƙatar komai sai zane a ƙasa da ɗan guntun fasasshiyar tukunya, tsallen igiya yana ƙarfafa numfashi, gaɗa kuwa tana motsa jiki gaba ɗaya. 'Yan mata su sa wando a ƙarƙashin riga, a ɗaure hijabi yadda ba zai harɗe su ba, kuma inda iyaye suka fi son a raba maza da mata, a raba su, amma kowa ya yi wasa. Yaron da ke da lalura a ƙafa ana iya ba shi jifa da cafewa daga zaune.

Sai a kula da yanayi. Daga Maris zuwa Mayu a nemi shugaban makaranta ya mayar da darasin farkon safiya, ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa a rage gudu saboda masu asma, a watan azumi kuma a sassauta. Malam ya san yaran da ke da sikila, ya bar su su huta da zarar sun gaji.

Ina roƙon malamai da su daina horon yara da tsallen kwaɗo ko zagaye fili, domin yaron da aka hora da motsa jiki zai tashi yana ƙinsa. Malamin da ya cire babbar riga ya nuna tsallen da kansa, ko da sau biyu ne, zai ga har masu kunya sun shigo layi.