Yadda za ka ɗauki hoto a Makka ba ka jawo wa kanka ba

Alhazai da masu umara, musamman sabbin zuwa, dan Allah ku ji wannan. Nan fa ba kamar gida ba ne da za ka ɗaga waya a kasuwa ka ɗauki duk wanda ya gitta. Tun 2019 akwai tarar riyal 1,000 kan ɗaukar mutum hoto ko bidiyo ba izininsa, ka sake ta koma 2,000, har haɗarin mota a titi yana ciki. In kuma abin ya kai ga tona sirrin wani, dokar laifukan intanet ta 2007 ce za ta hau kanka, ɗauri har shekara ɗaya ko tara har riyal 500,000, ko duka biyun.

To kafin ka danna, fara duba waye a bayanka. Selfi naka ne amma matar da ke zaune can ta ɗage niƙabi tana shan zamzam ba taka ba ce, juya ko ka matsa gaba. In mutum kake so, tambaye shi, "mumkin sura?" (wato "zan iya ɗaukar hoto?" da Larabci) kawai ya isa, ya girgiza kai ka sauke waya ba musu. A wurin ɗawafi kuwa kar ka tsaya cak kana bidiyo, ka tare hanya askar, wato jami'an tsaro, su yi ta maka tsawa, hau bene ka ɗauki Ka'aba a natse. Mai kuka yana addu'a, ko gawar da aka shigo da ita, wallahi ni ban ga dalilin sa su a status ba. Ginin gwamnati da shingen 'yan sanda kar ma ka fara.

Wanda ya fi damuna Shara Mansur ne, unguwar da Hausawa suke da yawa a Makka. Mutum ya je cin tuwo sai ya kunna TikTok yana nuna wa 'yan gida fuskokin masu abinci, alhali wasu iyayenmu a nan ba su da igama, wato takardar izinin zama, bidiyo ɗaya zai iya kai baiwar Allah tarhil, wato a kore ta daga ƙasar. Ɗauki hoton kwanon tuwonka, bar fuskarta.

In kai aka ɗauka, je ka ce wa mai wayar ya goge a gabanka, har can cikin kwandon da hotuna ke komawa bayan gogewa. Ya ƙi, kar ka fizge masa waya, kira askar ko ka kai ƙara ta Kollona Amn, manhajar jami'an tsaron Saudiyya.