In Addu'arka Ta Daɗe Ba Amsa, Ga Yadda Za Ka Jira Allah

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in an yi shekaru ana roƙon haihuwa ko aiki ko warkewar wani naka, an yi azumi an yi kuka amma shiru kamar an shuka dusa, to ku nake wa magana. Kowa zai ce maka "lokacin Allah ya fi", kuma gaskiya ne, sai dai ba a cika faɗa maka abin da za ka yi da kanka kafin lokacin ya zo ba.

Ka fara da daina ɓoye wa Allah zuciyarka. Wasunmu mun ɗauka in ka ce ka gaji to bangaskiyarka ta mutu, sai mu shiga sujada da murmushin dole alhali ciki na ƙuna. Buɗe Zabura 13 ka ƙirga, sau 4 Dawuda ya ce "har yaushe" a ayoyi biyu na farko, annabi Habakuk ma da irin wannan kukan ya buɗe littafinsa. Marta kuwa da Yesu ya iso Betanya Li'azaru ya riga ya kwana 4 a kabari, ta fito ta tare shi ta ce da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba, kuma bai tsawata mata ba, har ma ya yi hawaye a wajen. In addu'a ta ƙi fitowa ka karanta wannan Zaburar da ƙarfi, ta zama taka.

Sai abin da ya fi ba ni tsoro, wato gajeriyar hanya. Ibrahim yana da shekara 75 Allah ya kira shi da alkawarin zuriya, ɗansa Ishaku bai zo ba sai da ya kai 100, a tsakiya kuwa Saratu ta gaji ta ba shi baiwarta Hajaratu, aka haifi Isma'ilu Ibrahim yana da 86, kishi da ɓacin rai suka shigo gidan har ta kai ga kora. Sarki Saul ma ya jira annabi Sama'ila kwana 7 a Gilgal, ya ga sojoji suna watsewa sai ya miƙa hadayar da kansa, yana gamawa ke nan sai ga Sama'ila, a nan aka gaya masa mulkinsa ba zai ɗore ba. To duk ranar da aka kawo maka wata mafita, ko aure ne da wanda ka san bai dace ba don kawai shekaru sun tafi, ko cin hanci don a buɗe ƙofa, ko wani mai cewa ka biya kuɗi ya sa Allah ya yi sauri, ka tsaya ka tambayi kanka, tsoro ne ke tura ni ko Ubangiji ne? Kada ka yanke shawara a daren da ka fi karaya. Ka kwana a kai, ka kai maganar wurin fasto ko wani dattijo a ikilisiya da ba zai faɗa maka abin da kunnenka ke so kawai ba.

Kuma jira fa ba naɗe hannu ba ne. Muna son Irmiya 29:11 sosai, amma ka koma baya kaɗan ka karanta daga aya ta 5, Yahudawa suna zaman bauta a Babila, an ce musu sai shekara 70 ta cika, a kuma ce su gina gidaje su shuka gonaki su yi aure su nemi zaman lafiyar garin. Wani Hananiya ya yi musu annabcin shekara 2 kacal, ƙarya ce. Don haka ka ci gaba da zuwa asibiti, ka ci gaba da neman aikin, ka koyi sana'a, ka yi hidima a coci. Yusufu yana da 17 aka sayar da shi, sai yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, amma ko a kurkuku sai da aka danƙa masa kula da 'yan sarƙa saboda amincinsa.

Wani abu da nake so ka gwada, ka samu ƙaramin littafi ka riƙa rubuta roƙonka da kwanan wata, da duk ɗan abin da Allah ya yi a hanya, don mantuwa tana saurin kama mai jira. Ka rage leƙa shafukan mutane ma in shaidarsu tana sa ka ji kamar an tsallake ka.

Ba zan ce maka lalle za ka samu daidai abin da ka roƙa ba, Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. In ka ji ba za ka iya ɗauka kai kaɗai ba, ka kira mutum ɗaya cikin 'yan'uwa yau ɗin nan, ka ce masa ka gaji, ya zo ku durƙusa tare.