Kurakuran da aka fi yi wajen sarrafa bakteriya don gano nikel da cire shi daga ruwa

Kusan kowace shekara sai sabbin ɗalibai sun shigo ɗakin gwaji da shiri iri ɗaya: a ɗauko bakteriyar E. coli, a haɗa mata makunnin RcnR (furotin da ke buɗewa idan nikel ya shiga ƙwaya) da GFP (furotin mai koren haske) domin ta yi kore idan ta ji nikel, sannan a ƙara mata NixA (ƙofar shigar da nikel) da Hpn (furotin mai riƙe shi) na bakteriyar Helicobacter pylori ta shigar da ƙarfen cikinta ta riƙe. Shirin ba shi da laifi. Abin da ya ishe ni shi ne ramin da na baya ya faɗa, shi na gaba zai sake faɗawa.

Babban kuskure shi ne ɗauka cewa duk nikel ɗin da ya ɓace daga ruwa bakteriya ce ta haɗiye shi. Wannan ya ci mini zangon karatu guda cur. Na shuka ƙwayoyina a romon LB, abincin da aka saba renon bakteriya a ciki, na zuba nikel, na bar su suka kwana, da safe na juya su a santirifuj, injin da ke kwantar da ƙwayoyi a ƙasan kwalba, na kai ruwan da ya rage a sama ga injin AAS mai auna yawan ƙarfe. Nikel ya ragu sosai. Na maimaita, ya sake raguwa, har na fara rubuta babin sakamako. Wata dattijuwar ma'aikaciya ce ta leƙa littafina ta ce, "Malam, ka auna pH ɗin romon nan da safe?" Ban auna ba. Ashe idan E. coli ta cinye abincin LB tana fitar da amoniya, pH, wato ma'aunin tsami, ya yi ta hawa har ya doshi 9. A wannan yanayin wani nikel ɗin kwantawa yake yi da kansa, wani kuma ya manne a bangon ƙwayar daga waje, santirifuj ya tattara duka ya kai ƙasa. Da na gwada ƙwayoyin da ban saka wa komai ba, da waɗanda na kashe da zafi, raguwar kusan ɗaya ce da tawa. Watannin nan duka ban auna aikin NixA ko sau ɗaya ba.

Tun daga ranar ba na duba sakamakon kowa sai na ga kwalabe uku a gefe: romo ba ƙwayoyi amma a pH ɗaya, ƙwayoyi masu filasmid (zoben DNA da ake ɗora sabbin ƙwayoyin gado a kai) amma wanda babu komai a cikinsa, da matattun ƙwayoyi. Kuma auna ruwan sama kaɗai bai wadatar da ni ba. A wanke abin da ya kwanta da EDTA, sinadari mai kama ƙarfe, don a ɓamɓare nikel ɗin waje, a narkar da ƙwayoyin da asid na nitirik, a auna na ciki. Na sama da na wanki da na ciki, idan an tara su dole su kusanci abin da aka zuba tun farko. Wasu suna cewa na cika tsanani. Su faɗa, ni dai haka nake yi.

Na biyu kuma LB ɗin ne dai, amma ta ɓangaren ganowa. Haba jama'a! Ku ne fa kuke tace furotin da ginshiƙin nikel saboda kun san histidin, ɗaya daga cikin tubalan furotin, yana kama nikel gam. To me ya sa kuke mantawa cewa romon da aka yi da tiriptan da yis cike yake da histidin da 'yan uwansa? Nikel ɗin da kuka zuba, mafi yawansa romon ya riƙe, ƙwayar ba ta gan shi ba. Sai ɗalibi ya yi ta ƙara gishirin har ya kai milimola 1, kwalba ta yi kore, ya zo yana cewa ya ƙera na'urar gano gurɓataccen ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar nikel a ruwan sha a maikirogiram 70 cikin lita, wato wajen maikiromola 1.2. Tarayyar Turai ma 20 ta sa. Abin da ba ya farkawa sai a kusan ninki dubu na iyakar, wa zai amfana da shi? Ni a romon MOPS nake gwaji, wanda ba shi da tiriptan ko yis, don romon M9 fosfet ya yi masa yawa, kuma ina farawa daga ƙasa da maikiromola 1 in hau a hankali. Sai dai kada a ɗauki histidin abokin gaba ta kowace fuska, domin NikA, wani ɓangare na ƙofar Nik da E. coli ke shigar da nikel ta cikinta, yana karɓar nikel ne haɗe da histidin biyu. Idan ƙofar Nik ce ka dogara da ita, ka zuba shi da kanka, ka san adadin da ka zuba.

Kobalt ma haka. RcnR yana buɗewa ga kobalt kamar yadda yake buɗewa ga nikel, sunan ma daga ƙarafan biyu ya samo asali. Wanda bai gwada kobalt da zinki da jan ƙarfe ba, kada ya ce mini nikel yake gani. Ruwan magudanun masana'antu irin na Challawa ko Sharada a Kano ba ƙarfe ɗaya ne a cikinsa ba.

Akwai masu ƙara ƙofar shiga su bar rcnA na ƙwayar kanta yadda yake, alhali aikinsa shi ne fitar da nikel waje. Kana zubawa ta gaba, tana kwashewa ta baya. A nemi irin da aka cire wa rcnA daga tarin ire-iren E. coli na Keio na Japan, wanda aka fitar a 2006, amma a tuna yana ɗauke da juriyar maganin kanamaisin, kuma nikel ya fi saurin galabaitar da shi.

Sauran ƙanana ne. NikABCDE, wato ƙofar Nik, ba ya kunnuwa sosai sai an rasa iskar oksijin, GFP kuwa ba ya haske sai da ita, don haka a zaɓi ɗaya ko a canza makunni. A yi lissafin raba adadin hasken da OD600, wato ma'aunin yawan ƙwayoyi, tun da nikel yana rage girma. A duba kwalbar gishirin nikel kuloraid: mai ruwa shida nauyin mol ɗinsa 237.7 ne, busasshen 129.6, kuma na ga wanda ya yi lissafi da ɗaya ya auna ɗayan. Gilasai su kwana a asid, cokalin silba mara tsatsa kuma a ajiye shi gefe don shi ma akwai nikel a jikinsa. A raba ajiyar ƙwayoyin da ke cikin gilisarol a firiza biyu saboda ɗauke wuta.

Shara kuwa ba na wasa da ita. Otokilef, tukunyar dafa kaya da tururi, yana kashe bakteriya, nikel kuwa yana nan daram, kuma sinadaransa suna cikin rukunin farko na masu jawo sankara. Bayan an dafa, a zuba a jarkar ƙarafa mai lakabi, kada ko ɗigo ya shiga wurin wanke hannu. Ƙwayar da aka sauya wa halitta ba ta fita daga ɗakin gwaji zuwa rafi ko rijiya, kuma a Najeriya hukumar NBMA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba da izinin irin wannan aiki. A kawo ruwan cikin ɗaki a gwada shi a nan.