Yadda na gyara na'urar gano tururin tina

A ma'aikatar fentin da nake aiki a Ikeja, warin tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ya cika ɗakin haɗi har yana hawa kai, amma na'urar gano tururi tana kan sifili. Wani ƙanena a wurin ya ce, "Yaya, ko ta mutu ne?"

Lafiyarta ƙalau. Can kusa da silin aka kafe ta, alhali tururin tina ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya bi kwata. Na sauko da ita kamar santimita 30 daga daɓe, gefen durom ɗin tina. Na gwada ta da iskar gwaji, na saita ƙararrawa a kashi 10 cikin 100 na matakin da wuta ke iya kamawa. Feshin silikon kuwa, wato man da ake fesa wa abu don ya yi santsi, na hana shi kwata-kwata a ɗakin, domin yana dakushe irin wannan na'ura.