Yadda ake kama fim ɗin ɓarayi da hannu dumu-dumu

Sana'ata haɗa bidiyon biki a Garwa ta arewacin Kamaru, shi ya sa idona ya saba leƙa inda masu kallo ba sa dubawa. In kana so ka riƙa kamo kurakurai a fim ɗin barkwanci na ɓarayi da 'yan sanda, kallon farko ka sha dariyarka kawai. Farauta sai a kallo na biyu, kuma ka rage sauti, don magana ce ke ɗauke hankali.

Ba a ɗaukar fim bi da bi yadda kake ganinsa. Sau da yawa kyamara ɗaya ce: a ɗauki fuskar ɓarawo da hantsi, a juyo kan ɗan sanda bayan azahar, mai tacewa ya ɗinke su su zama hira ɗaya. To duk inda hoto ya yanke ya koma wani gefe, nan ɓaraka take. Rabu da bakin mai magana. Dubi kofin shayin gabansa: ɗazu saura kurɓi ɗaya, yanzu ya cika fal. Dubi taba, ko ta ƙara tsawo bayan an zuƙe ta. Hula ta karkata dama, ta dawo hagu. Ankwa kuwa ita ce ta fi tona asiri, an ɗaure mutum hannu a baya, ana shiga mota sai ga hannayen a kan cinya. In a waje ne, bi inuwa. Ba ta tashi daga ƙarƙashin ƙafa ta miƙe zuwa bakin titi cikin jimla ɗaya.

A kwamfuta, manhajar kallon bidiyo ta VLC na tafiya hoto ɗaya-ɗaya in ka danna E. A YouTube ka tsayar, sannan ka yi amfani da maɓallin waƙafi da na aya. Daƙiƙa ɗaya tana ɗauke da hoto 24 ko 25, ka ga akwai wurin ɓuya da yawa. Da haka ake ganin mai kyamara a gilashin mota ko cikin baƙin tabarau na ogan ɓarayi.

Ni dai inda na fi jin daɗi shi ne jakar kuɗi. Takardar kuɗi ɗaya nauyinta kusan giram 1 ne, kuma babbar takardarmu ita ce ta dubu 10. Sefa miliyan 100 ke nan takarda 10,000, kimanin kilo 10. Wannan ana iya gudu da shi. Amma in an ce biliyan 1 ce, kilo 100 ake magana, sai ka ga wani siririn yaro ya rataya ta a kafaɗa ɗaya ya haura katanga yana waige. Haba malam! Sannan ka tsayar ka dubi takardun kansu. Sababbin kuɗin BEAC, babban bankin da ke buga sefarmu ta Afirka ta Tsakiya, sun fara yawo ne a Disamba 2022, don haka ba su da hurumi a labarin da aka ce ya faru a 2015. Sefar Nijar ma ta BCEAO ce, babban bankin sefar Afirka ta Yamma, zanenta daban, ba wanda zai biya kuɗin fansa da ita a Marwa ba tare da an yi masa kallon mahaukaci ba.

Lambar mota ba ta iya ƙarya. NO ta yankin Garwa ce, EN ta Marwa, AD ta Ngaundere, LT ta Duwala. Motar haya mai LT na iya zuwa arewa, ba laifi, amma in duk motocin titin LT ne alhali an rubuta Garwa a ƙasan hoto, ka san inda aka yi aikin. Lambar waya ma haka: tun Nuwamba 2014 ta Kamaru ta koma lamba 9, ta Chadi kuma 8 ce. Ƙirga abin da ɗan sanda ya rubuta a takarda. Wanda ya tsere daga Kusiri zuwa Njamena kuwa gadar Ngeli zai bi a kan kogin Logon, ba Binuwai ba. Kuma jandarma daban, ɗan sanda daban, kar kaki ya sauya tsakanin ƙofar ofis da cikinsa.

Saura abin da ke sa masu farauta jin kunya. Fim ɗin barkwanci yakan yi wauta da gangan. Bindiga mai cin harsashi 6 ta yi harbi 15 ba a sake ɗura ta ba, wataƙila wasan ke nan. Yadda nake rarrabewa: in kyamara ta matso ta tsaya a kan abin, ko wani ɗan wasa ya zaro ido ya dube shi, ko an maimaita shi har sau uku, da saninsu aka yi. In kuwa yana can gefen hoto, ba wanda ya kula, kuma ya gyaru da kansa a yanka na gaba, rubuta minti da daƙiƙarsa kafin ka kai zancen majalisa, don sai an ce maka nuna.