Yadda makarantar sakandare za ta koyar da haɗa sola a zango guda

Lokacin da Najeriya ta fara aiki da tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a) a shekarar 1982, an shigo da injinan koyon sana'a an rarraba wa makarantu. Da yawansu sun tsufa a cikin akwatunansu, saboda babu wuta, babu malamin da ya iya sarrafa su. Manhajar babbar sakandare ta 2011 ta zo da darussan sana'a 34, amma a makarantu da dama a kan allo ake gama su, yaro ya haddace ma'anar batir bai taɓa riƙe mitar awon wuta ba. Duk shugaban makarantar da ke son ya kauce wa wannan, ya ɗauki sana'a ɗaya ya yi ta sosai. Haɗa sola ta dace da Arewa: rana a wadace take, kuma masu neman mai haɗawa suna ko'ina.

Kafin a sayi ko ƙusa, a gyara jadawali. Aikin hannu yana buƙatar darasi biyu a jere kowane mako, domin minti 40 ba ya isa a fito da kaya, a haɗa, a gwada, a mayar. Sannan a nemo ƙwararren mai haɗa sola daga cikin gari ya riƙa zuwa yana aiki tare da malamin Fiziks, kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) ko ƙungiyar iyaye da malamai su ɗauki nauyin ladansa.

Kayan rukuni ɗaya ba su da yawa: fanel (faifan da ke mayar da hasken rana wuta) mai wat 100, batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100, kwantrola (na'urar da ke daidaita cajin batir) mai amfiya 10, fis (mai yanke wuta idan ta yi yawa), ƙwayayen fitila na LED masu wat 5 guda shida, mita, filaya, sukudireba, da jar waya da baƙa masu kaurin murabba'in milimita 2.5 ko 4. Kada rukuni ya wuce ɗalibi biyar. Idan kuɗi bai kai ba, a sayi saiti biyu a riƙa karɓa-karɓa, ya fi a tara yara 60 suna leƙen mutum ɗaya.

Makonni ukun farko na awo ne da lissafi, kuma a nan ne ilimin yake. A ba kowane rukuni matsala ta gaske, misali aji ɗaya da ake son ya samu haske don karatun dare. Su ƙirga da kansu: ƙwai shida, kowanne wat 5, na awa huɗu, ya ba da wat-awa 120. Fanel mai wat 100, idan ya samu kamar awa biyar na rana mai ƙarfi, aka cire kusan kashi 30 cikin ɗari na asarar zafi da waya da ƙura, zai ba da wajen wat-awa 350 a rana. Batirin yana ɗauke da wat-awa 1,200 (bolt 12 sau amfiya-awa 100), amma irin na ruwa ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Daga nan sai malam ya jefa musu tambaya: idan aka ƙara fanka fa? Ya bar su su yi gardama, su yi kuskure a takarda, kada ya yi saurin ba su amsa.

Wajen haɗawa akwai tsari da ba a tsallakewa. Batir ake fara haɗawa da kwantrola, da fis a kan jar waya kusa da kan batirin, sannan fanel, sannan fitilu. Kwantrola daga batir take gane ƙarfin wutar da za ta yi aiki da shi, kuma idan aka fara da fanel tana iya lalacewa. Kafin a ɗaure kowace waya, a sa mita a tabbatar da ja da baƙi. Fanel ya fuskanci kudu, a ɗan jingine shi kamar digiri 12 zuwa 15, nesa da inuwar darbejiya, domin inuwa a kan ɓangare kaɗan tana rage wutar fanel ɗin gaba ɗaya. Idan fitilar da ke ƙarshen layi ta dushe, yawanci waya ce ta yi siriri ko ta yi tsawo. Da hunturu kuma, su auna wuta kafin goge ƙura da bayan gogewa, su rubuta bambancin.

Maki shi ne ke nuna wa ɗalibi abin da makaranta ta ɗauka da muhimmanci. A ware wa aikin kaso mai tsoka a cikin makin gwajin zango: littafin da suke rubuta awo, gano matsalar da malam ya ɓoye da gangan (sakakken fis, waya a juye), da takardar farashi kamar wadda za a miƙa wa mai gida. A yi bayani da Hausa har su fahimta, amma a koya musu karanta takardar da ke manne a bayan fanel da Turanci, tunda yawanci da Turanci ake rubuta ta. A lura kuma da wanda ke riƙe da filaya, don sau da yawa maza kan karɓe kayan aiki su bar 'yan mata da rubutu, sai a riƙa juya aikin kowane mako.

Waɗanda suka nuna hazaƙa, a haɗa su da shagon mai sola lokacin dogon hutu, a kuma yi musu bayanin jarrabawar sana'a da kasuwanci ta NABTEB da takardar ƙwarewa ta NSQ da hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna take kula da ita.